Waiwaye: Tallafin Karatu da Sauya Sheƙa a Kokawar Jami'o'in Amurka

A watan Maris na 2025, a birnin Philadelphia, Wyatt Hendrickson ya doke Gable Steveson, mai lambar zinare ta gasar Olamfik ta Tokyo, a wasan ƙarshe na ajin masu nauyi na kokawar jami'o'in Amurka. Abin da ya sa wannan nasara ta shafi batunmu shi ne rigar da Hendrickson ya sa a ranar, domin shekara huɗu ya yi yana kokawa da sunan makarantar horar da hafsoshin sojan sama, kuma sai a shekararsa ta ƙarshe ya koma jami'ar Oklahoma State. Abokin ƙungiyarsa a Oklahoma State, Dean Hamiti, wanda shi ma ya zama zakara a wannan dare a ajin fam 174, daga Wisconsin ya zo. Wannan ƙaura da ta zama ruwan dare a yau, shekaru ashirin da suka wuce tana iya cinye wa ɗan kokawa shekara guda cur.

Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, ta samo asali ne a 1906, kuma ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a 1928 a garin Ames na jihar Iowa. Ta daɗe tana ƙyamar a biya wa ɗalibi kuɗin makaranta don kawai ya iya wasa, har ta kafa doka a 1948 mai taƙaita hakan, amma jami'o'i suka yi biris da ita, aka soke ta a 1951. A 1956 ne aka amince da cikakken tallafi, wato kuɗin karatu da ɗaki da abinci da littattafai, da dala 15 a wata na wanki. Sai dai a 1973 aka mayar da tallafin na shekara guda, wanda jami'a ke sabuntawa idan ta ga dama. Daga nan wuƙa da nama suka koma hannun koci, kuma sai a wajen 2012 aka sake halatta alƙawarin shekaru da yawa.

Lambar da duk mai bin kokawar jami'a ya haddace ita ce 9.9. A da jami'ar da ke rukuni na ɗaya, wato matakin koli na wasannin jami'o'i, tana da damar ba da cikakken tallafi 11 a kokawa, amma a farkon shekarun 1990 aka zaftare kashi 10 cikin ɗari don rage kashe kuɗi, aka wayi gari da wannan adadi mai ban mamaki. Azuzuwan nauyi goma ne, daga fam 125 zuwa 285, ke nan ko 'yan wasan sahun farko ba su isa kowa ya samu cikakken kaso ba, balle sauran samari ashirin ko fiye da ke ɗakin atisaye. Saboda haka a lokacin koci kan yayyanka tallafin kamar naman watanda: wannan rabi, wancan rubu'i, wani kuɗin littafi kawai, wani kuma iyayensa ne ke biyan komai. Jami'o'in rukuni na uku da na ƙungiyar Ivy, irin su Cornell, ba sa ba da tallafin wasa sam, duk da haka Cornell ta fitar da zakaru.

Ƙarancin adadin yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. A wancan lokacin, komai arzikin jami'a, ba ta iya tara dukan gwanaye a gidanta, domin yaron da jami'ar Iowa ta yi wa tayin rubu'i yana iya samun kashi uku cikin huɗu a wata ƙaramar makaranta, ya kuma zaɓi can. A lokaci guda kuma kokawar na ta rasa gidaje. Dokar 1972 da aka fi sani da Title IX ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma jami'o'i da dama, maimakon su taɓa kasafin ƙwallon zari-ruga ta Amurka, sai suka rufe ƙananan wasannin maza. Ƙungiyar kocin kokawa ta kai ma'aikatar ilimi ƙara a 2002, kotu ta yi watsi da ƙarar. Daga jami'o'i sama da 140 a rukuni na ɗaya a farkon shekarun 1980, yanzu ba su kai 80 ba. Dokar ce aka fi ɗora wa laifi, amma zaɓin abin da za a yanka shugabannin jami'o'i ne suka yi shi.

Game da sauya sheƙa, a da a rubuce kokawa tana cikin wasannin da ɗalibi ke iya ƙaura sau ɗaya ba tare da ya zauna shekara ba, amma da sharaɗin tsohuwar jami'arsa ta sa hannu ta sake shi. Abin da ya faru a 2006 ya nuna nauyin wannan sharaɗi. Tom Brands ya bar aikin koci a Virginia Tech ya koma Iowa, samari biyar da ya ɗauko suka bi shi, cikinsu har da Brent Metcalf da Jay Borschel. Virginia Tech ta ƙi sakin su, suka rasa shekara guda daga cikin huɗun da doka ta ba kowane ɗan wasa. Kocin ya fara aiki nan take da sabon albashinsa, yaran da suka zo dominsa suka biya farashin. Metcalf ya zama zakara a 2008 da 2010, Borschel a 2010, kuma har yau masoya Iowa na lissafin abin da shekarar nan da ta salwanta za ta iya haifarwa. Shekara uku bayan haka, da koci Cael Sanderson ya bar Iowa State zuwa Penn State, an saki matashin ɗan kokawa David Taylor daga takardar alƙawarin shiga Iowa State da ya sa wa hannu ya bi shi, abin da ke nuna cewa makomar yaro ta rataya ne ga halin hukumar makarantar da ya faɗa hannunta.

Ƙungiyoyin jami'o'i ma suna da nasu shingen. Da Nick Suriano ya bar Penn State zuwa Rutgers a 2017, dukansu a cikin ƙungiyar jami'o'i ta Big Ten, sai da ƙungiyar ta yi masa rangwame na musamman kafin ya shiga fili. Ya ci kambu a Rutgers a 2019, ya sake ci a Michigan a 2022.

Daga nan ginin ya fara rushewa da sauri. A Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rumbun intanet inda ɗalibi ke sa sunansa ya sanar cewa yana neman tafiya, ba tare da neman izinin kowa ba. A Afrilun 2021 aka ba kowane ɗan wasa damar ƙaura sau ɗaya babu jira, a Yuni Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Alston, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan iyakar da ta sa wa alfanun karatu da za a iya ba su, alƙalai tara duka suka juya wa NCAA baya, sannan daga 1 ga Yuli 'yan wasa suka samu damar karɓar kuɗi ta hanyar amfani da sunansu da hotonsu. A Disamban 2023 wani alƙalin tarayya a West Virginia ya dakatar da dokar da ke hana ƙaura ta biyu, kuma a Afrilun 2024 hukumar ta janye ta, muddin karatun ɗalibi bai samu tangarɗa ba. Ya kamata a lura cewa mafi yawan waɗannan sauye-sauye daga kotu ko matsin lambar dokokin jihohi suka fito, kuma rigimar ƙwallon zari-ruga da ta kwando ce ta jawo su, kokawa dai guguwar ce ta biyo ta kanta.

Ita kuwa lambar 9.9, sulhun shari'ar House, wata ƙara da 'yan wasa suka kai NCAA kan hana su samun kuɗi, shi ne ya binne ta. Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi ranar 6 ga Yunin 2025: diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsoffin 'yan wasa cikin shekara goma, da damar kowace jami'a ta raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ga jami'o'in da suka shiga tsarin, an cire iyakar tallafi, aka sa iyakar yawan mutane, wadda a kokawar maza ta tsaya a 30. Jami'a mai hali tana iya ɗaukar nauyin duka talatin ɗin, mara hali kuma wadda dama ba ta cika 9.9 ba tana nan inda take. Yaron da ke zuwa atisaye da kuɗin iyayensa, wanda gwanaye ke gogewa a kansa, shi ne gurbinsa ya fi shiga haɗari, ko da yake sulhun ya keɓe waɗanda ke ciki tun kafin a fara.

Penn State ta ci kambun ƙungiya sau 12 tsakanin 2011 da 2025, yawancinsu a ƙarƙashin tsohuwar doka, don haka ba sabon tsari ne ya ƙirƙiro rinjayen manya ba. Abin da ya sauya shi ne halin kocin ƙaramar jami'a, wanda zai ɗauko yaron da ba wanda ya kula da shi, ya raine shi shekara biyu ko uku, kuma ranar da ya hau mumbarin gwanaye takwas na ƙasa, ranar ce wayarsa za ta fara ƙara. David Taylor, wanda aka saki a 2009 don ya bi kocinsa, shi ne ya karɓi Oklahoma State a Mayun 2024, kuma zakarunsa biyu na shekarar farko duka wasu jami'o'in ne suka raine su.