Ƙarfin jikin mace bayan ɗaukewar al'ada: tambayoyi biyar

Wane sauyi ne ke faruwa a jiki?

Yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55. Tun kafin nan gidan ƙwai ke rage fitar da sinadarin estirojin, yau ya hau gobe ya sauka, har ya sauka gaba ɗaya. Sai an yi wata 12 cur babu jini ake cewa al'ada ta ɗauke.

Me ya haɗa wannan sinadari da ƙarfi?

Ba harkar haihuwa kaɗai yake yi ba, ƙashi da tsoka ma da shi suke tafiya. A Amurka an fara wani bincike mai suna SWAN a 1996, aka bi mata 3,302 masu shekara 42 zuwa 52 tsawon shekaru. An ga ƙashi na fara lalacewa da sauri kamar shekara guda kafin jinin ƙarshe, ya ci gaba har wajen shekara biyu bayansa. A daidai lokacin tsoka na raguwa, kitse na ƙaruwa. Shi ya sa matar da jiya take sauke bokitin ruwa da hannu ɗaya, yau sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe daga sujada, murfin kwalba ma sai ta miƙa wa jika.

To gwajin jini zai nuna yawan ƙarfin da ya rage?

A'a. Sinadarin ba ya zama wuri guda a waɗannan shekaru, kuma shekaru da ƙiba da ciwon gaɓɓai da rashin barci duk suna da hannu.

Maganin maye gurbin estirojin fa?

Yana rage zafin jikin nan mai tasowa farat ɗaya da zufar dare, yana kuma kare ƙashi. Amma a 2002 an dakatar da wani babban gwaji a Amurka saboda ƙaruwar sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini ga masu shan haɗin estirojin da wani sinadari makamancin na jikin mace mai suna furojestin. Ba maganin saye a kemis ba ne, sai likita ya duba ki.

Me ke taimakawa?

Nan ne abin ke damu na. Da zarar uwa ta ce gwiwa, sai 'ya'ya su ce "Mama ki zauna ki huta", a karɓe tsintsiya, a hana ta zuwa kasuwa. Ƙauna ce, amma tsokar da ba ta aiki saurin narkewa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Ki tashi daga kujera sau goma ba tare da dafa hannu ba, ki taka zuwa unguwa, ki sha hantsi. Nono da kindirmo da wake da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya su yawaita a kwanonki. Idan kasala ta yi yawa, a auna jini da suga. Jini kuwa in ya dawo bayan shekara da ɗaukewa, asibiti za ki nufa ba jinkiri.