Waiwaye: Yadda kalmar "capitulate" ta rasa sharuɗɗanta

Duk mai karanta jaridun Ingilishi ya saba cin karo da "capitulate" a duk lokacin da gwamnati ta janye wani mataki saboda yajin aiki ko zanga-zanga. A yau ma'anarta miƙa wuya bayan an daɗe ana turjiya, kuma da ƙyar ake faɗar ta ba tare da gori a ciki ba. Amma a farkon zuwanta babu ko ƙamshin shan kaye a tare da ita.

Tushenta Latin ne. "Caput" na nufin kai, "capitulum" kuma ɗan ƙaramin kai, wato kan magana da ake rubutawa a saman kowane babi. Daga nan aka samu aikatau mai nufin tsara rubutu babi-babi. Da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16: a zauna a yi ciniki, a rubuta sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wurin da aka fi yin irin wannan zama shi ne ƙofar garin da aka yi wa ƙawanya. Mutanen gari su ce za su buɗe ƙofa, amma a bar musu kaza da kaza. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 kalmar ta karkata zuwa sallamawa bisa sharaɗi.

Misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus. Ranar 25 ga Nuwamba 1491 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Sarki Muhammad na 12, wanda Turawa ke kira Boabdil, da Ferdinand da Isabella, sarakunan Kirista na Sifaniya, kuma har yau "Capitulaciones" Sifaniyawa ke kiran takardar. An yi wa Musulmi alkawarin za a bar musu masallatansu da dukiyarsu, alƙalansu su ci gaba da yi musu shari'a, ba kuma za a tilasta wa kowa barin addininsa ba. Bisa haka aka miƙa makullan gari ranar 2 ga Janairu 1492. Ba a cika shekara goma ba, a 1499, babban limamin coci Cisneros ya fara tilasta wa mutane shiga Kiristanci, aka ƙona littattafan Larabci. A 1502 aka ce da Musulmin Kastila, masarautar da Granada ta koma ƙarƙashinta, ko su bar addini ko su bar ƙasa. Mutanen Granada sun yi iyakar abin da mai rauni zai iya yi, sun sa an rubuta. Wanda ya ci amana shi ne mai ƙarfi.

Daular Usmaniyya ma ta yi wa fataken Faransa da Ingila rangwamen haraji da shari'a a takardun da ake kira "capitulations", tun tana ganiyar ƙarfinta. Daga baya suka zame mata ƙarfen ƙafa, sai yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ce ta soke su. Dokokin yaƙi na Hague na 1907 kuwa sun tanadi cewa sallamawa irin wannan dole ta kiyaye mutuncin soja.

Yau sharuɗɗan sun faɗi a hanya, sai saduda kawai ta rage. A gani na an yi asara, domin ɗan jarida kan jefi shugaban da ya saurari jama'arsa da wannan kalma kamar wanda ya yi abin kunya, alhali wani lokacin sulhu ne aka yi, kowa ya rage wani abu.

Wajen amfani, ta bambanta da "surrender". Da "surrender" ana iya miƙa bindiga ko fasfo, amma "capitulate" ba ta ɗaukar abin da aka miƙa, sai dai a biyo ta da "to" a ambaci wanda aka sallama wa, ko matsin da aka kasa jurewa. 'Yan kasuwar hannun jari ma sun are ta, suna faɗar ta ranar da farashi ya yi ta zubewa har masu haƙuri suka fid da rai, suka sayar da komai a kan asara.