Cin rani da ƙaura zuwa birni: me binciken masana tattalin arziki ya gano?

Tambaya: Da gaske ne duniya birni take komawa?

Amsa: Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 sun nuna kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma ana hasashen za su kai kashi 68 nan da 2050. Indiya da Sin da Najeriya kaɗai za su ɗauki sama da sulusin wannan ƙari. Sai dai ba duka ne baƙi daga ƙauye ba. Kaso mai yawa na ƙaruwar biranen Afirka haihuwa ce a cikin gari, sannan ga ƙauyukan da gari ya faɗaɗa ya haɗiye. Duk wanda ya san Ungogo da Kumbotso a da ya ga yadda Kano ta cim musu, manomi ya zama ɗan birni yana zaune a gidan da aka haife shi.

Tambaya: Me zai sa mutum ya bar gonarsa ya tafi inda ba shi da tabbacin aiki?

Amsa: Arthur Lewis, ɗan tsibirin Sent Lushiya wanda ya samu lambar Nobel a 1979, ya yi bayani tun 1954 cewa a karkarar ƙasashe matalauta hannuwa sun fi aikin gona yawa. Idan mutum biyar suna noma gonar da uku za su iya, tafiyar biyu ba ta rage amfanin gona, kuma in masana'anta ta ɗauke su, ƙasa ta ƙaru. A 1970 John Harris da Michael Todaro, bisa abin da suka gani a Kenya, suka ƙara da cewa mai ƙaura lissafi yake yi: nawa ake samu a birni, kuma mene ne yiwuwar ya dace? In albashin birni ya ninka na ƙauye sau uku, ko da rabin masu nema ne ke samu, tafiyar ba wauta ba ce. Shi ya sa ƙirƙiro ayyuka a birni kawai kan jawo sababbin masu nema, wani lokaci fiye da guraben da aka buɗe.

Tambaya: Akwai shaidar cewa tafiyar tana amfanar iyalin da aka bari a gida?

Amsa: Akwai, kuma wadda ta fi jan hankalina daga Bangaladash ta fito. A yankin Rangfur akwai watannin yunwa tsakanin shuka da girbi, lokacin da aikin ƙodago ke yankewa. A 2008 masu bincike suka ba wasu magidanta taka 600 a kuɗin ƙasar, abin da bai kai dala 9 ba, kuɗin mota zuwa birni. A ƙauyukan da ba a ba da komai ba, kashi 36 na gidaje ne suka tura mutum. Inda aka bayar, kashi 58. Abin da iyalan matafiyan ke kashewa a abinci da sauran buƙatu ya ƙaru da kusan sulusi, kuma da yawansu sun sake komawa a shekarun baya da kuɗinsu.

Abin da ya hana su tun farko tsoro ne mai dalili: wanda ke bakin yunwa ba zai saka kuɗin hatsinsa a mota ya dawo hannu rabbana ba. Da aka faɗaɗa shirin bai ba da irin sakamakon farko ba, har aka rufe shi a 2019, don haka ba maganin komai ba ne. Duk da haka ya tabbatar da abin da mutanen Tawa da Damagaram da Sakkwato suka daɗe suna yi. Ɗan cin rani da ya tafi bayan kaka ya rage baki ɗaya a kan rumbu, ya kuma dawo da kuɗin taki kafin ruwa ya sauka. Ina ganin rashin adalci ne a riƙa kallon sa a matsayin matsala.

Tambaya: To me ya sa biranen Sin suka yi arziki, namu kuwa cunkoso ya fi yawa?

Amsa: A 1978 mazauna birane a Sin ba su kai kashi 20 ba, a ƙidayar 2020 sun haura kashi 60. Birnin Shenzen na Sin, da aka ware a 1980 a matsayin yankin kasuwanci na musamman, ta wuce mutum miliyan 17. Waɗanda suka shigo sun tarar da masana'antu masu sayar wa duniya kaya. A ƙasashen da suka dogara da fetur ko ma'adinai kuwa, masana sun lura birni kan girma da kuɗin da ake kashewa, ba da abin da ake ƙerawa ba. Sai aikin ya zama talla, dako, gadi da acaɓa. Wannan ya taɓa mu kai tsaye: masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata, kafin rashin wutar lantarki da kayan waje masu araha su durƙusar da da yawa daga cikinsu. Mutane ba su daina zuwa ba, aikin ne ya ragu.

Tambaya: Ba gara a hana shigowa ba?

Amsa: Sin ta gwada da tsarin rajistar gida, wanda ke ɗaure haƙƙin makaranta da asibiti da garin da aka yi wa mutum rajista. Bai tsayar da ƙaura ba, sai dai ya bar miliyoyin yara a ƙauye wurin kakanni. Rushe unguwannin talakawa ma matsar da su kawai yake yi zuwa bayan gari, nesa da aiki.

Tambaya: Wanda rikici ya koro fa, lissafinsa ɗaya da na ɗan cin rani?

Amsa: Sam. Ɗan cin rani yana da gonar komawa, shi ya zaɓi lokacin tafiya da wanda zai sauka a wurinsa. Waɗanda Boko Haram ta koro zuwa Maiduguri, ko 'yan bindiga suka koro zuwa Gusau da Katsina da Maraɗi, sun rasa gona da dabbobi a lokaci guda, sun shigo ba jari. Garuruwan da suka karɓe su na buƙatar a yanka filaye a fitar da hanyoyi kafin a yi gini, a kai ruwa da makarantu, a kuma ba mutane takardun fili da za su iya dogara da su, domin da yawa daga cikinsu ba za su koma ba ko da ƙura ta lafa.