Mahaɗan Shigowa da Hanyoyin Samun Su Kyauta

Mahaɗin shigowa shi ne mahaɗin da wani shafin intanet ya sanya a cikin rubutunsa domin ya kai mai karatu wani shafi na daban. A wurin wanda ya sanya shi, mahaɗin fita ne. A wurin wanda aka nuna, mahaɗin shigowa ne. Injinan bincike irin su Google da Bing suna duba yawan waɗannan mahaɗai da darajar inda suka fito kafin su zaɓi shafin da za su ɗora a sama idan mutum ya nemi wani abu. Shi ya sa neman su ya zama babban reshe a sana'ar da ake kira SEO, wato gyara shafi domin ya fito a sahun farko na sakamakon bincike. Wasu suna sayen su, abin da ƙa'idojin Google suka haramta matuƙar an yi shi ne don ɗaga shafi. Wasu kuma da guminsu suke samu, ba tare da kashe ko kwabo ba.

Asali

A shekarar 1996 wasu ɗalibai biyu masu karatun digirin digirgir a Jami'ar Stanford da ke Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aikin bincike da suka kira BackRub. Injinan wancan zamanin, irin su AltaVista, sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, don haka masu wayo sukan maimaita kalma ɗaya sau ɗari, wani lokaci ma da farin rubutu a kan farin fili yadda ido ba zai gani ba. Page da Brin suka ɗauko dabara daga duniyar malaman jami'a, inda tun 1964 Eugene Garfield ya fara fitar da kundin da ke ƙirga sau nawa aka ambaci kowace takardar kimiyya a cikin wasu takardun. Suka ce a ɗauki mahaɗi a matsayin irin wannan ambato.

Lissafin da suka fito da shi ana kiran sa PageRank. Kowane shafi yana da maki, kuma yana raba makin nasa ga shafukan da ya nuna: idan mahaɗai goma ne a cikinsa, kowanne zai tafi da kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya bambanta wannan lissafi da ƙirge kawai shi ne, mahaɗi ɗaya daga shafi mai daraja ya fi tarin mahaɗai daga shafukan da babu mai kula su. Kamar shaida ce a unguwa: wanda liman ya tsaya masa ba ɗaya yake da wanda baƙi goma da ba a san su ba suka tsaya masa ba. A takardar da Page da Brin suka gabatar a 1998 sun kwatanta wani mai yawo a intanet da ke bin mahaɗai barkatai, kuma a kowane mataki akwai yiwuwar 0.85 ya ci gaba da latsawa maimakon ya gaji ya koma wani wuri. A wannan shekarar aka kafa kamfanin Google. Ba su kaɗai suka hango hakan ba, domin Robin Li, wanda daga baya ya kafa Baidu a ƙasar Sin, ya yi irin wannan tunani da RankDex tun 1996.

Kalmomin da aka lulluɓe mahaɗi a cikinsu su ma suna da tasiri, domin injin yana ɗaukar su a matsayin bayanin shafin da aka nuna. A 2003 masu adawa da Shugaba George W. Bush suka yi ta nuna tarihinsa da ke shafin Fadar White House da wasu kalmomi biyu masu ma'anar mummunar gazawa, har ya zama duk wanda ya nemi kalmomin shafin shugaban ne ke fito masa a sama. Sai a farkon 2007 Google ya toshe wannan kafa.

Kasuwar mahaɗai da hukunci

Da aka gane mahaɗi na kawo baƙi, baƙi kuma na kawo kuɗi, sai kasuwa ta buɗe. Google da kansa ya taimaka ba da niyya ba, domin a 2000 ya fitar da wata 'yar manhaja da ke nuna makin kowane shafi daga 0 zuwa 10, masu sayarwa kuwa suka mai da wannan lamba ma'aunin farashi. Wasu suka riƙa cika wuraren sharhi na shafukan mutane da mahaɗai. A Janairun 2005 Google da Yahoo da MSN suka amince da alamar nofollow, wadda mai shafi zai liƙa wa mahaɗi don ya sanar da injin cewa bai tsaya wa wancan shafin ba.

A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney ya mamaye saman sakamakon bincike da dubban mahaɗai daga shafukan da ba ruwansu da kayan da yake sayarwa, nan take Google ya saukar da shi. A Afrilun 2012 Google ya fitar da tsarin Penguin na hukunta maguɗin mahaɗai, wanda ya karya shafuka masu yawa a dare ɗaya, sannan a Oktoba aka ba masu shafi damar barranta daga mahaɗan da ba su so. A 2016 aka daina nuna makin nan na 0 zuwa 10, aka kuma sauya Penguin yadda zai riƙa watsar da mahaɗin banza maimakon hukunta shafin gaba ɗaya. A 2019 aka ƙara alamomi biyu, ɗaya ta mahaɗin talla, ɗaya ta abin da masu ziyara suka rubuta.

Hanyoyin da ba sa cin kuɗi

Hanyar da ta fi kowacce ƙarko ita ce mutum ya wallafa abin da ba a samu a wani wuri: alƙaluman da shi ya tattara, taswira, hotunan da shi ya ɗauka, ko bayani cikakke a kan abin da kowa ke taɓawa sama-sama. A ce wani ya riƙa rubuta farashin buhun masara da gero da dawa a kasuwar Dawanau kowane mako, ya jera su a tebur mai kwanan wata har shekara ta zagayo. Ranar da ɗan jarida ko ɗalibi ya buƙaci kwatanta farashin bana da na bara, dole ya zo wurinsa, kuma mai gaskiya zai nuna inda ya samo. Wannan kafa a buɗe take sosai ga masu rubutu da Hausa, saboda batutuwa da dama har yanzu ba su da shafi mai gamsarwa a harshen. Abin takaici, da yawa sun fi son kwafo labarin da wasu suka riga suka buga, alhali babu dalilin da zai sa wani ya nuna kwafi ya bar asali.

Hanya ta biyu ita ce gyaran matattun mahaɗai. Shafuka suna ɓacewa fiye da yadda ake zato. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. Mai neman mahaɗi yakan duba rubuce-rubucen da suka shafi fanninsa, ya gano mahaɗin da ke kai wa ga saƙon kuskure na 404, ya leƙa rumbun Wayback Machine, wanda ke ajiye tsofaffin kwafin shafuka, ya ga abin da ke wurin a da, sannan ya rubuta nasa wanda ya kai ko ya fi. Daga nan sai ya aika gajeren saƙo, misali: "Salamu alaikum, Malam. Ina karanta rubutunku a kan ajiyar hatsi, sai na ga mahaɗi na uku ba ya buɗewa. Ina da bayani a kan wannan batu, ga shi ko zai yi muku amfani." Yawancin irin waɗannan saƙonni ba a amsa su, amma wanda aka amsa ya amfani kowa, har da mai karatu.

Kusa da wannan akwai bin sawun inda aka ambaci sunan shafi ba tare da mahaɗi ba. Google Alerts yana sanar da mutum kyauta idan sunan ya bayyana a wani wuri, sai ya roƙi marubucin ya ƙara mahaɗin. Haka nan amsa tambayoyin 'yan jarida a fannin da mutum ya ƙware yana kawo ambato daga manyan kafafe, kuma don wannan Peter Shankman ya kafa HARO, dandalin da ke haɗa 'yan jarida da masana, a 2008.

Rubuta wa wani shafi maƙala a matsayin baƙo hanya ce ta halal idan shafin yana da masu karatu na gaske. An lalata ta da yawan shara, har a Janairun 2014 Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da maguɗi na Google a lokacin, ya gargaɗi masu yin ta don mahaɗi kawai da su daina. Kundayen da ake jera sunayen shafuka da mahaɗansu kuwa zamaninsu ya wuce: na Yahoo ya rufe a ƙarshen 2014, DMOZ ya bi shi a Maris 2017. Musayar "nuna ni in nuna ka" idan ta yi yawa tana cikin abin da Google ya lissafa a matsayin maguɗi. Cusa mahaɗi a Wikipedia ɓata lokaci ne kuma cin amanar masu aikin sa kai ne, domin mahaɗanta na waje suna ɗauke da nofollow, kuma editoci suna goge su. Mahaɗin da aka tura a rukunin WhatsApp injin bincike ba ya ganin sa, sai dai yana kawo masu karatu, a cikinsu kuma akan dace da mai shafi da zai nuna rubutun.

Aunawa da matsayinsu a yau

Google Search Console da Bing Webmaster Tools duk kyauta ne, kuma suna nuna wa mai shafi wuraren da suka nuna shi da kalmomin da suka yi amfani da su. Makin da kamfanoni irin su Moz da Ahrefs ke bai wa shafuka ƙiyasinsu ne, ba na Google ba ne, ko da yake dillalan mahaɗai sun fi son a rikita su.

Nauyin mahaɗai ya ragu. A 2016 wani jami'in Google ya lissafa su cikin manyan ma'aunai uku na ɗaga shafi, amma a 2023 Gary Illyes na kamfanin ya ce sun fita daga wannan sahu. Tun Disambar 2022 kuma tsarin SpamBrain yake gano shafukan da ke saye da sayar da mahaɗai yana soke tasirinsu. Duk da haka suna da wani aiki da bai canja ba: ta bin mahaɗai ne manhajar Googlebot ke gano yawancin sababbin shafuka, don haka sabon shafin da babu wanda ya nuna shi yakan daɗe kafin ya shiga sakamakon bincike, sai fa idan mai shi ya miƙa taswirar shafinsa, wato jerin adiresoshin da ke cikinsa, ta Search Console.