Waiwaye: ranar da masu sayar da tsofaffin sulalla suka juya wa eBay baya

Ranar 18 ga Fabrairu 2008 ne dubban masu sayar da kaya a shafin gwanjo na eBay, yawancinsu a Amurka, suka naɗe tabarmarsu suka ce sati guda cur ba saye ba sayarwa, har zuwa 25 ga wata. A cikinsu akwai masu littattafai da masu kayan tarihi da masu tufafi, amma ni waɗanda labarinsu ya fi tsaya min a rai su ne masu sayar da tsofaffin sulalla da tsabar kuɗin da, domin sana'arsu kacokan a kan amana take tafiya, kuma amanar ce aka taɓa.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane zafin abin. Pierre Omidyar ne ya buɗe shafin a watan Satumba 1995 da sunan AuctionWeb, kuma tun farkon 1996 ya ƙirƙiro wani tsari wanda shi ne ƙashin bayan kasuwar gaba ɗaya, wato bayan an gama ciniki mai saye ya rubuta shaida a kan mai sayarwa, mai sayarwa shi ma ya rubuta a kan mai saye, ko yabo ko suka, kowa na gani. Da wannan shaidar ne wani dattijo da ke zaune a ƙauye a Ohio da akwatin tsofaffin daloli zai iya sayar wa wani a Jamus wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, a turo masa caki ta gidan waya, shi kuma ya saka kwabon a ambulan ya aika. Kafin zuwan eBay in kana da irin wannan kaya sai dai ka kai wa dillalin garinku ya taya yadda ya ga dama, ko ka jira bikin baje kolin sulalla ka biya kuɗin tebur. Shi ya sa masu wannan sana'a suka rungumi shafin hannu bibbiyu tun da wuri, kuma suna ganin da guminsu aka gina shi.

Gunaguni dai ya daɗe. A 2005 an ƙara kuɗin hayar shago na wata daga dala 9.95 zuwa 15.95, aka yi ta kiran a ƙaurace, a 2006 ma aka sake ƙari aka sake kira, duk ba inda aka je. A 2007 kuma sai ga dokar da ta shafi masu sulalla kai tsaye, eBay ya ce ba wanda zai ƙara rubuta cewa kwabonsa tantacce ne da lambar daraja sai in ɗaya daga cikin 'yan kamfanonin da ya yarda da su ne ya duba shi, irin su PCGS da NGC da ANACS da ICG. Ga wanda bai san harkar ba, ana auna lafiyar kwabo ne da maki daga 1 zuwa 70, kamfanin ya duba ya rufe shi cikin kwanson roba da lambar a jiki, kuma bambancin maki ɗaya tak kan iya ninka farashi. A nan gaskiya ina bayan eBay, domin a lokacin an samu mutanen da ke zama a ɗakinsu su sayi kwanso su buga wa kowane kwabo 70 su sayar wa sabon shiga, wannan cuta ce ƙarara. Sai dai ƙaramin ɗan kasuwa mai gaskiya shi ma dokar ta taɓa shi, tunda kwabon dala goma ba zai ɗauki kuɗin tantancewa ba.

To ana cikin haka sai ƙarshen Janairu 2008 ya zo. Meg Whitman na shirin sauka, John Donahoe na shirin hawa kujerar shugabancin kamfanin, aka fito da sauye-sauye a dunƙule. An rage kuɗin kasa kaya, wato abin da kake biya tun kafin a saya, wannan shi aka sa a gaba ana ta tallatawa, amma la'adar da ake cira in kaya ya sayu ta tashi daga kashi 5.25 zuwa kashi 8.75 cikin ɗari a kan dala 25 ta farko. Ka lissafa da kanka, kwabon dala 25 da a da ake cire masa wajen dala 1.31 yanzu ya koma wajen 2.19, kuma mafi yawan abin da ƙananan masu sulalla ke sayarwa a wannan matakin yake, ɗan kwabo nan ɗan kwabo can, ribar ma ba ta taka kara ta karya ba, ga kuɗin PayPal a gefe, wato kamfanin biyan kuɗi ta intanet, wanda a lokacin shi ma na eBay ne tun 2002 da ya saye shi a kan dala biliyan 1.5. Sannan aka ce PayPal zai iya riƙe kuɗin wasu masu sayarwa har kwana 21, musamman waɗanda ba su tara shaida da yawa ba. Aka kuma sauya yadda kaya ke fitowa in an yi bincike, ya zama ba lallai gwanjon da ya kusa rufewa ne zai zo a sama ba, sai wanda na'urar kamfanin ta zaɓa.

Duk wannan da sauƙi a kan na ƙarshen. Daga watan Mayu 2008 mai sayarwa ba shi da ikon rubuta mummunar shaida a kan mai saye, yabo kawai ko ya yi shiru. Hujjar eBay ita ce masu sayarwa na amfani da damar wajen ramuwar gayya, ka yi ƙorafi a kan kaya su kuma su ɓata maka suna, har masu saye suka daina faɗin gaskiya wasu ma suka daina zuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba na musu. Amma ka sa kanka a takalmin mai kwabo mana. Kwabo ba firji ba ne, ba shi da lambar da za ka ce ga nawa, mutum zai iya karɓar naka mai kyau ya ce bai yi masa ba ya dawo maka da wani mai kama da shi wanda ya goge ko ma na jabu, ko ya ce saƙo bai iso ba, ko ya taya ya ci gwanjo ya ƙi biya, a da aƙalla za ka rubuta a jikin sunansa sauran 'yan kasuwa su yi hattara, yanzu an ɗaure maka hannu an bar nasa a sake. Wallahi ko ni ne sai na ji ciwo.

Satin ƙauracewar ya zo ya wuce. Wasu masu bibiyar shafin daga waje sun ce yawan kayan da aka kasa ya ragu da kusan kashi 13, kamfanin ya ce shi bai ga wani tasiri ba, aka sake kiran wata a farkon Mayu, ba doka ɗaya da aka janye. Ƙari ma aka yi, a watan Oktoba na shekarar aka hana karɓar caki da takardar kuɗi ta gidan waya a yawancin ciniki a shafin Amurka, abin da ya bugi masu zinare da azurfa sosai tunda ribarsu siririya ce kamar zare. A Ostareliya ne kawai aka taka wa kamfanin burki, da ya so ya tilasta PayPal shi kaɗai hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta nuna ba ta yarda ba, ya janye a watan Yuli.

Sai tambayar da kowa ke yi a lokacin, to ina za mu koma? Yahoo ya riga ya rufe gwanjonsa na Amurka tun 2007. Mutane suka watsu, wasu eBid, wasu eCrater, wasu OnlineAuction, wasu Bonanzle da ya taso a shekarar ya koma Bonanza daga baya. La'ada da sauƙi a can, wani wurin ma kusan kyauta, amma matsalar ɗaya ce ko'ina, ka kasa kaya sati biyu ba wanda ya leƙo balle ya taya. Gwanjo kuwa in babu mutum biyu da ke hamayya a kan kaya ai ba gwanjo ba ne, kyauta za ka bayar. Da yawa haka suka dawo eBay a hankali ba don sun huce ba.

Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka nufi kasuwannin da aka gina domin masu tara sulalla da makamantansu. Masu kuɗin zamanin Rumawa da Girkawa suna da VCoins, inda ba kowa ake ba rumfa ba sai dillalin da ya sa hannu a kan ƙa'idojin sana'a ya kuma tsaya wa ingancin kayansa. A Turai akwai MA-Shops na Jamus da Delcampe na Beljiyam da aka kafa a 2000. Manyan kaya kuma suka riƙa tafiya gidajen gwanjo irin Heritage da ke Dallas, sannan a 2010 Ian Russell ya buɗe GreatCollections a Kalifoniya wanda ya fi mai da hankali a kan tantattun sulalla. A wasu daga cikin waɗannan wuraren akwai wanda ya san kwabo a tsakanin mai saye da mai sayarwa, wanda zai riƙe shi a hannu ya ce wannan na gaske ne wannan jabu ne, abin da eBay ba ya yi da kansa a lokacin, gashi kuma a daidai shekarun ne jabun dalolin azurfa da ake bugawa a Sin suka cika kasuwa.

Shi ma eBay jabun nan ya sa ya ci gaba da tsuke doka. Tun 1973 dokar Amurka ta ce duk kwaikwayon kwabo sai an buga masa tambarin da ke nuna kwafi ne, amma masu jabu ba sa bi, sai a Fabrairu 2012 shafin ya hana sayar da kwaikwayo baki ɗaya, a shekarar kuma ya ce kwabon da aka sa wa farashin dala 2,500 zuwa sama dole ya zama tantacce, ya taƙaita ga PCGS da NGC kafin daga baya ya sake buɗe wa ANACS da ICG ƙofa. Kowace doka ta zo sai an sake jin kiran a tashi a bar shafin, kuma kowane karo mai ƙaramin jari ne ke rasa inda zai sa kansa, domin manyan gidajen gwanjo ba su da lokacin kwabon dala biyar.

Irin wannan ƙaramin kaya har da namu a ciki. Anini da kwabo mai huji na zamanin Turawan mulkin mallaka, waɗanda har yau ake tsinta a gwangwanin kakanni, suna nan ana cinikinsu a eBay da Delcampe kullum, har da na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas wanda bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba, kuma ba su da tsada don an buga su da yawa. Sai dai mafi yawan masu sayar da su a Ingila da Amurka suke, domin ko da PayPal ya shigo Najeriya a 2014 damar tura kuɗi kawai ya bayar, ta karɓa kuwa shekaru aka kwashe babu ita.