Sikeli da geji: kalmomi biyu da ke rikita mai shirya ƙaramin layin dogo

Duk wanda ya ɗauki kwalin ƙaramin jirgin ƙasa, irin wanda ake shimfiɗa wa layi a kan tebur yana tafiya da lantarki, zai ga an buga wasu haruffa a jiki: HO, ko OO, ko N. Masu sayarwa kan ce wannan shi ne "girman" jirgin. Ba su yi ƙarya ba, amma abu biyu suka dunƙule wuri guda, sikeli da geji, kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutum ya kai wa kafinta awon tebur, a gama, a kawo, sannan jirgi ya ƙi shan kwana.

Sikeli a nan ba na auna nama ko buhun masara ba ne. Ana nufin sau nawa aka rage abu daga ainihin girmansa. Idan aka rubuta 1:87, kowace santimita 1 a kan tebur tana tsaye ne a madadin santimita 87 a fili. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai koma kusan santimita 2, bai kai tsinken ashana ba. Taragon fasinja mai mita 20 zai koma santimita 23. Wannan lissafi bai tsaya kan jirgi kaɗai ba, ya hau kan tasha, da gada, da bishiyar mangwaro, da akuyar da aka ajiye a bakin layi. Shi kuwa geji, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon nan biyu ne, a auna daga cikin wannan zuwa cikin wancan. Da milimita ake faɗinsa, kuma ba ruwansa da girman gini ko na mutum.

HO shi ne ya fi yawa a duniya: sikelinsa 1:87, gejinsa milimita 16.5. Sunan ma daga "rabin O" ya samo asali, domin akwai babban wansa O mai geji milimita 32. N kuma 1:160 ne a kan milimita 9, ko da yake na Ingila 1:148 ne, yawancin na Japan kuma 1:150. Akwai TT, 1:120 a kan milimita 12, sai autansu Z, 1:220 a kan milimita 6.5, wanda kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin HO da OO. Gejinsu ɗaya, milimita 16.5, don haka jirgin wannan zai hau layin wancan ya yi tafiyarsa lafiya lau. Amma OO, wanda aka fi sani a kayan Hornby na Ingila, sikelinsa 1:76 ne. Dalili kuwa, kawunan jiragen Ingila na gaske ba su kai na Amurka girma ba, kuma injin lantarkin da ake da shi a shekarun 1930 ya ƙi shiga cikinsu a 1:87, sai aka ƙara wa gangar jikin girma aka bar layin yadda yake. Ka jera taragon OO kusa da na HO, ka sunkuya ka kawo idonka daidai da tebur, za ka ga ƙofar ɗaya ta ɗara ta ɗayan, kamar wa da ƙani sun yi anko. Wani tarkon kuma: HO na Märklin yana da wasu 'yan ƙusoshi a tsakiyar layi da yake ɗaukar wuta daga gare su, kuma irin wutarsa dabam take. Sikeli ɗaya, geji ɗaya, amma ba zai yi aiki a kan layin sauran kamfanoni ba.

Ga mutumin Jos, wannan bambanci ba baƙon abu ba ne, don garin ya ga geji biyu da idonsa. Ƙaramin layin da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru saboda kwasar kuza, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, gejinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, wato milimita 762. Babban layin da ya iso ta Kafanchan a 1927 kuwa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, kamar sauran tsohon layin Najeriya. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 shi ne mai milimita 1435.

To raba 1435 da 87, za ka sami 16.5. Ashe layin HO na kanti kwaikwayon irin layin Abuja zuwa Kaduna ne, wato Idu zuwa Rigasa, ba na tashar Jos ba. Mai son ya fito da tsohuwar tashar Taminus yadda take a 1:87, sai ya raba 1067 da 87, ya sami milimita 12 da ɗoriya, ke nan layi mai milimita 12 zai nema. In kuwa ya riga ya sayi mai 16.5, akwai dabarar da masu wannan sha'awa a ƙasashe masu irin gejinmu suke yi: su bar layin, su ɗaga sikelin zuwa 1:64, tunda 1067 a raba da 64 yana ba da 16.7. Sai dai kusan komai da hannu za a ƙera. Layin kuza kuma, 762 a raba da 87 ya kama 8.8, don haka layin N mai milimita 9 ya wadatar, a ɗora masa jirage da mutane na 1:87. A ganinmu wannan na ƙarshe ya fi dacewa da mai ƙaramin ɗaki, don ƙananan jiragen suna shan matsattsiyar kwana, kuma tsaunuka da kududdufan haƙar kuza suna ba da abin kallo ba tare da an nemi dogon fili ba.

Wajen tsara tebur, kwana ce ke yanke hukunci. Ana auna ta daga tsakiyar da'ira zuwa tsakiyar layi. A HO mafi ƙanƙantar da aka saba da ita inci 18 ce, kusan santimita 46, ke nan juyawa ɗaya na cin santimita 92, ban da gefen da za a bari don kada jirgi ya faɗo ƙasa in ya kauce. Fallen katakon da ake samu a kasuwar Katako ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato santimita 122 a 244. Kwana mai inci 18 za ta zauna daram, mai inci 22 kuma da ƙyar, sai ta kusa leƙa baki. Dogayen taragun fasinja ba sa son inci 18: tsakiyarsu na ratayowa ciki, ƙarshensu na fita waje, maƙalarsu ta ja ta gefe har ƙafa ta hau kan ƙarfe. A N kuwa kwana mai inci 11, santimita 28, tana juyawa a kan abin da bai fi faɗin ƙofa ba.

Kafin a yanka katako ko ɗaya, a shimfiɗa takardun buhun siminti a ƙasa gwargwadon girman teburin. A kafa ƙusa, a ɗaura zare mai tsawon kwanar, a ɗaure fensir a bakinsa a zagaya. Sannan a durƙusa a gefe a miƙa hannu. Hannun babban mutum ba ya wuce santimita 70 zuwa 75 cikin sauƙi, saboda haka teburi mai faɗin 122 da aka manna wa bango yana da yankin da ba a isa gare shi, kuma can ne jirgi zai zaɓa ya tsaya. Tsakanin layuka biyu masu tafiya tare a HO a bar santimita 5 daga tsakiya zuwa tsakiya, a ƙara kaɗan a kwana. Inda kwanar hagu ta haɗu da ta dama, a sa miƙaƙƙen layi mai tsawon tarago mafi tsawo a tsakani, in ba haka ba tarago ɗaya na jan hagu, na bayansa na jan dama, ɗaya ya fita.

Hawa ma da lissafinsa. Kashi 2 cikin 100, wato santimita 2 a kowace mita, shi ne abin da kan jirgi ke ja ba tare da wahala ba. Domin layi ya haye wani ta gada a HO ana bukatar kamar santimita 9, in an haɗa da kaurin katakon gadar. Mita 4.5 ke nan na hawa, wata 4.5 ta gangara, alhali layin da zai zagaye kan fallen katakon nan gaba ɗaya bai cika mita 6 ba. Shi ya sa masu gaggawa ke tura hawan zuwa kashi 4 ko 5, sai ka ji injin na ƙara, ƙafafu na sulɓi wuri ɗaya, taragu huɗu sun gagare shi.

Kada ma a yi mafarkin kawo nisa na gaske. Kilomita 1 a HO mita 11.5 ce, a N mita 6.25. Abin da ake yi shi ne a zaɓi tasha ɗaya, a rage yawan layukanta, a gajarta dandamalin zuwa tsawon jirgin da za a riƙa sarrafawa: kai ɗaya da taragu 5 masu santimita 23 sun kusa mita ɗaya da rabi.

Shi kansa gejin ba ya zama yadda aka bar shi. Katakon da ya sha laimar damina a Jos yana tsukewa in hunturu ya shigo, ƙarfen kuma bai san da wannan ba, sai layi ya kumburo ko ya karkace. A shafa wa katakon fenti ciki da baya kafin a ɗora komai, a bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya a mahaɗar ƙarafa bayan kowace mita, kuma kada a danna ƙusar layi har ƙarshe, don tana lanƙwasa abin da ke riƙe da ƙarafan ta matse su. Rabin milimita kawai in ya ragu a kwana ya isa ya ɗaga ƙafar jirgin. Ƙurar hunturu kuma tana kwanciya a saman ƙarfe ta yanke wuta, jirgi ya riƙa tafiya yana sarƙewa. A goge da ƙyalle mai ɗan sifirit, ban da takardar yashi, don tana barin zane-zanen da datti zai ƙara maƙalewa a ciki.