Waƙar Reno

Waƙar reno ita ce waƙar da uwa, ko kaka, ko 'yar reno take rera wa jariri don ya bar kuka ko barci ya ɗauke shi. A adabin baka na Hausa ana lissafa ta cikin waƙoƙin mata na cikin gida, tare da waƙar daka da ta niƙa da ta daɓe. Ba ta da makaɗi, ba ta da 'yan amshi. Kiɗanta shi ne tafin hannun da ke bubbuga yaro a hankali, da rangajin mai goyo.

Siffarta

Gajera ce, ɗango biyu ko uku ake ta nanatawa, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Mai rerawa takan sa sunan yaron a ciki, ta yi masa kirari, ta ambaci iyaye da kakanni, ta yi masa alkawarin cewa uwarsa na nan tafe da nono. Idan ya fara lumshe ido sai ta rage murya, kalmomin su ɓace, amo kawai ya rage a maƙogwaro har hannunsa ya saki. A gidajen Musulmi da yawa kalmar shahada ko salatin Annabi ake rerawa da wannan salon.

A ƙasar Hausa

Ba a raba waƙar reno da goyo. Yaro yana ɗaure da zani da majanyi, kunnensa manne da bayan mai goyonsa, saboda haka muryar tana isa gare shi ta iska da ta jiki a lokaci guda. Sau da yawa ma ba da dare ake yinta ba. Mace tana daka ko shara, yaro ya fara ƙananan kuka, sai ta ɗan jijjiga shi, ta miƙa hannu baya tana bubbuga shi, waƙa ta fito ba tare da aiki ya tsaya ba.

Al'adar kunyar ɗan fari ta taimaka wajen raba wannan aiki. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane, ba za ta tsaya tana yi masa kirari a tsakar gida ba. Sai kaka da goggo da yayye su ɗauki nauyin. Ta nan yarinya 'yar shekara takwas ko tara take koyon waƙar, da ƙaninta a baya, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata.

Tarihi

Ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin reno da aka samu a rubuce tana kan allon yumɓu na ƙasar Babila, a Iraƙi ta yau, kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Ba lallashi zalla ba ce, domin gargaɗin jariri take yi cewa kukansa ya tayar da abin bautar gidan. Irin wannan tsoratarwa tana nan a ƙasashe da dama, kamar yadda ake ce wa yaro dodo zai zo. A 1928 mawaƙin Sifaniya Federico García Lorca ya gabatar da lacca kan waƙoƙin renon ƙasarsa, inda ya nuna yawan baƙin cikin da ke cikinsu. Abin ba mamaki ba ne. Jariri bai san ma'anar kalma ba, don haka macen da ta gaji takan sami damar faɗin damuwarta a cikin waƙar. A Turai, wadda ta fi shahara ita ce wadda Bajamushe mai tsara kiɗa Johannes Brahms ya tsara a 1868, lokacin da wata aminiyarsa ta haifi ɗanta na biyu.

Abin da bincike ya nuna

A 2020 masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da jarirai 144. An kunna musu waƙoƙin reno cikin harsunan da ba su taɓa ji ba, sai bugun zuciyarsu ya sassauta fiye da lokacin da aka sa musu wasu nau'o'in waƙa. Wani binciken na 2013 a asibitoci 11 na Amurka, kan bakwaini 272, ya gano cewa rera musu waƙa baki da baki yana rage saurin bugun zuciyarsu. A Montreal ta Kanada kuma an ga waƙa tana riƙe jariri cikin natsuwa kusan minti 9, ninki biyu na abin da magana take yi.

Mafi kusa da abin da matan Hausa suka daɗe suna yi shi ne binciken cibiyar RIKEN ta Japan a 2022. An gano cewa ɗaukar jariri mai kuka a yi tafiya da shi minti 5 yana kwantar da shi, kuma idan ya yi barci gara a zauna da shi minti 5 zuwa 8 kafin a shimfiɗe shi, don kada ya farka.

Waya da na'ura

Yanzu iyaye da yawa waya suke kunna wa yaro. Tana da amfani ranar gajiya, amma ba ta jin numfashin yaro balle ta rage murya daidai da shi, kuma wannan ne rabin aikin waƙar. Akwai kuma batun ƙara. Likitoci a Toronto sun gwada na'urorin sa jarirai barci guda 14 a 2014. Da aka ƙure su a tazarar santimita 30, dukansu sun wuce desibel 50 (ma'aunin ƙarfin ƙara) da ake iyakancewa a ɗakin jarirai na asibiti, uku ma sun haura 85. Shawarar da suka bayar ita ce a nesanta na'urar daga kan yaro, a rage ƙara, a kuma taƙaita lokacin da take kunne.